Kafin A Ɗaga Tuta A Nellikad

Shafi na 23

Masu turo mini saƙo suna cewa kwaɗayi ne ya sa Alawi karɓar kujerar Umra, duk na gani, shiru kawai na yi. Ku karanta wannan tukuna.

*

Ranar Alhamis da safe, ko gajiyar jirgi bai gama warwarewa ba, Alawi ya saɓa ƙarfensa na tono ya nufi fili.

Shekara talatin da ɗaya yana kula da filin ƙwallon Nellikad, kuma aikin jajibirin biki bai taɓa sauyawa ba. Yakan tone gindin ƙarafan raga, ya kira ƙarti huɗu su kama masa a zare su daga rami, a kwantar a bayan benci. Sannan ya ɗora makullin ƙofa a kan ganyen ayaba, da mudun shinkafa a gefe, ya kai gidan Warikat. Filin nasu ne, shi da ɗakin bautar da ke gabas da shi. Kakansu ne ya ba ƙungiyar haya ta shekara casa'in da tara, da sharaɗi guda wanda kowa a garin ya haddace: duk shekarar da tutar biki ta hau sama alhali ƙarfen raga yana tsaye, haya ta mutu a ranar. Kwana tara filin na giwaye ne da makaɗa. A rana ta goma a mayar wa 'yan ƙwallo abinsu.

Gobe Juma'a za a ɗaga tuta.

Jibi Asabar kuma wasan ƙarshe na kaka, kuma a nan gida aka sa shi, abin da ba a taɓa yi ba a makon biki. In Nellikad ta ci, ta shiga huɗun farko masu karawa a zagayen fitar da zakara, karo na farko tun da aka kafa ta. Tun a mota daga filin jirgi ake ce masa kada ya damu, mai ƙungiya ya daidaita da gidan Warikat. Kowa ya faɗa masa haka, ban da 'yan gidan Warikat ɗin.

Ya durƙusa a gindin ƙarfen arewa, ya caka ƙarfen tono.

Ƙarar da ya ji ba ta ƙasa ba ce.

Ya sa hannu ya share yashin da aka barbaza a sama. Siminti ne, ya bushe ƙamas, faɗinsa ya kai faifai biyu. Ya rarrafa wajen ɗaya ƙarfen, haka. Bai wahalar da kansa zuwa ragar kudu ba. Ya zauna daɓas a ƙasa, kuma abin da ya fara kama shi kunya ce, kafin fushi. Kwana goma sha shida yana Makka yana yi wa mutumin da ya biya masa kujera addu'a da sunansa.

*

Inna Dewaki tana zaune a barandar gidan Warikat, an jere mata fitilun tagulla tana duba wankinsu ɗaya bayan ɗaya. Shekararta tamanin da biyu, ita ce babbar gidan, kuma ita ke miƙa igiyar tuta da hannunta duk shekara.

Ta dubi hannunsa kafin fuskarsa.

"Ka zo hannu rabbana, Alawi. Ina ganyen?"

"Inna, an zuba siminti."

"Na sani. Daga nan ina jin ƙarar injin kwaɓarsu. Zauna. Ka rame, ba su ba ku abinci ne a can?"

Bai zauna ba.

"An ce kun daidaita da Mudalali, mai ƙungiya."

"Wa ya ce?"

"Gari duka."

"Gari duka ba su zo nan ba. Lauyansa ne ya zo, wata uku da suka wuce. Yaro mai ladabi, har takalmi ya cire tun daga bakin ƙofa. Ya ce in nuna masa tsohuwar takardar haya. Shafi bakwai ce, ka san ta. Layi ɗaya ya karanta, ya ɗauki hotonsa da waya, ya sha shayi ya tafi."

"Wane layi?"

"Kai ma ka sani."

Ta ɗauki wata fitila ta juya ta, ta ajiye.

"Bayan nan sai ga takarda daga masu shirya gasa, suna tambaya ko ranar Asabar ta yi mana, tunda sun san makon biki ne. Na aika a ce masa ba ta yi ba, a sa wata rana. Shi kuma ya rubuta musu cewa mun amince."

Alawi ya dafa ginshiƙin baranda.

"Inna, ki ɗaga mana ƙafa bana kawai. Kwana biyu. A buga wasan, ranar Lahadi in fasa simintin da hannuna."

"Da ni kaɗai ce, da ba sai ka roƙa ba. Kai ka ɗauko mijina daga bakin kogi ranar da ya faɗi, ban manta ba." Ta nuna cikin gida da haɓa. "'Ya'yan ƙannena bakwai suna ciki. Wasu shekara goma rabon su da biki, bana kowa ya zo, har da mai tahowa daga Dubai. Kana tsammanin kiɗa suka zo ji? Jira suke tuta ta hau su fito da wayoyi su ɗauki hoton ƙarafan nan a tsaye. Wani yana so ya gina zauren biki, wani shaguna. Takardar nan ce kaɗai ta hana su shekara da shekaru. Ranar da na karya ta don ku, na karya ta don su."

"To a jinkirta tutar."

"Lokaci ba nawa ba ne. An duba an tsayar, ƙarfe bakwai da minti arba'in na safe. Ko gawata ce a kwance sai an ɗaga."

Daga can bayan gida ana jin sarƙar giwar farko da aka kawo, tana ja tana tsayawa.

"Alawi."

"Na'am, Inna."

"Ni ba na kallon ƙwallo, hayaniyarku ma damuna take yi. Amma ba na so in mutu in bar wajen nan ana sayar da tayal a cikinsa. Kawo mini makullin a kan ganye, yadda ka saba."

*

Ofishin Nizar yana saman shagonsa na gwal, a bakin titin mota. Shekara uku ke nan da ya sayi ƙungiyar, kuma gaskiya ɗaya ce, ya yi mata abin da ba wanda ya taɓa yi. Shi ya sa fitilu, shi ya kawo koci daga waje, shi ya sa 'yan wasa suka daina hawa motar haya zuwa wasa. Ko cikin barci ka ce Mudalali, wato maigida, a Nellikad, an san shi kake nufi.

Ya miƙe da fara'a, hannu biyu a buɗe, yana kiransa ikka, wato yaya, kamar kowa a garin.

"Alawi-ikka. Umra maƙbuliya. Ina dabinona?"

"Me ya sa ka tura ni?"

"Haba, Ikka. Mutum ya yi wa ƙungiya bauta shekara talatin..."

"Da ɗaya. Me ya sa ka tura ni a wannan watan?"

Nizar ya koma ya zauna. Ya tura masa kofin shayi, Alawi bai kalla ba.

"Hukuma ce ta ce ƙarafanmu suna girgiza. Doka ce, sai an kafe su."

"Hukumar ta zo shekara tara a jere ta girgiza su da hannunta, ta sa hannu ta tafi. Ni nake riƙe musu tsani. Nemi wata maganar."

"To wasan fa? Maki uku ne tsakaninmu da tarihi. Kana so in ce wa mutum dubu goma sha biyu su zauna a gida saboda giwa za ta yi kashi a tsakiyar fili?"

"Sun tambaye ka a sauya rana. Ka ce an amince."

Nan fara'ar ta tafi. Ya daɗe yana juya zoben hannunsa.

"Tsohuwar nan ba ta iya riƙe bakinta ba."

"Ba ta iya ƙarya ba dai."

"Shi ke nan. Zauna in gaya maka, tunda kai ba yaro ba ne." Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, ya zaro riga ya shimfiɗa. Launin dai nasu ne, kore da fari. Amma a ƙirji babu Nellikad. An rubuta Kochi, sunan babban birni. "Dokar gasa ba ta bari a ɗauke ƙungiya daga garinta. Sai fa idan ta rasa filinta, ba da son ranta ba. Sau biyu ina nema suna hana ni. Gobe da safe za mu rasa fili. Jibi mu buga wasanmu, 'yan gidan Warikat sun yarda su bar mu wannan ɗaya, tunda sun samu abin da suke so. Mu ci, mu shiga huɗun farko, baɗi mu buɗe kaka a birni, a filin da ke cin mutum dubu arba'in."

"Mu su wa?"

"Ƙungiya."

"Ƙungiya ita ce mutanen da ke tsayuwa a kan katangar makaranta suna kallo. Za ka loda su a mota ne?"

"Ikka, tausayi ba ya riƙe ƙungiya. Filin da ba nawa ba, ba zan iya gina ko banɗaki ba sai na je na durƙusa wa tsohuwa. Duk shekara giwaye su tattake mini ciyawa. Wane mai hankali ne zai zauna a haka?"

"Mu. Shekara sittin da takwas."

"Shi ya sa ba ku taɓa cin komai ba."

Maganar ta shige shi, don akwai gaskiya a cikinta. Alawi da kansa ya buga wa ƙungiyar nan baya shekara goma sha ɗaya, bai taɓa ɗaga kofin da ya fi na shayi ba.

Nizar ya sassauta murya.

"Akwai wurinka a can. Ɗaki mai sanyi, yara goma a ƙarƙashinka, ba za ka ƙara jan tiyo ba. Ɗanka Jamshir kuma mataimakin koci, da zarar ya rataye takalmi. Na yi tunanin gidanka kafin na yi na kaina."

"In na sauke ƙarafan fa?"

"Da me? Da haƙori?" Ya yi 'yar dariya, sannan ya ga tsohon ba wasa yake ba. "In ka sauke su, makulli ya tafi gidan Warikat, babu wasa ranar Asabar. Lokacin neman wani fili ya wuce tun kana ɗawafi. Za a ba abokan karawarmu ci uku a kan tebur, mu ƙare na shida. Kai za ka yi wa garin nan bayani, ba ni ba. Kuma kai za ka kalli ɗanka."

Alawi ya cire agogon da aka ba shi cikin jakar guzurin Umra, ya ajiye a kan rigar.

"Ibadar da na yi, Allah ya san da zuciya ɗaya na yi ta. Ladan kujerar kuma, kai da Shi."

Ya sauka daga benen yana dafa bango, gwiwarsa ta hagu tana ƙara a kowace matakala.

*

Bayan la'asar fili ya cika kamar ranar wasa, alhali atisaye ne kawai. Mutane sun rufe shaguna, masu keke mai ƙafa uku sun jere a bakin hanya sun bar fasinja. An rataya kore da fari tun daga masallaci har bakin ɗakin bauta. Can gefe ma'aikatan biki suna ta ɗaure rumfunan ganyen kwakwa, rabin hankalinsu yana kan ƙwallo.

Alawi ya shigo ta ƙaramar ƙofa, ya naɗe zanen da ya ɗaura a ƙugu zuwa gwiwa, injin yankan ƙarfe a kafaɗa, doguwar wayar lantarki a naɗe a hannu. Wajen Sukumaran mai walda ya aro shi. Sukumaran bai tambaye shi komai ba, faifan yanka sabo kawai ya sa masa, ya ce kada ya ce a wajensa ya samo.

Da farko dariya aka yi.

"Alawi-ikka, Makka suka koya maka walda?"

"A ba shi hanya, mai fili ya dawo."

Da ya wuce benci bai tsaya ba, ya miƙe tsakiyar 'yan wasa ya nufi ragar arewa, sai dariyar ta fara raguwa. Dattawan da ke kan katanga su suka fara ganewa. Wani ya sauko, wani ya dafe kai. Koci ya hura usur, ƙwallo ta gangara ita kaɗai ta tsaya.

Kafin ya isa, ɗansa Jamshir ya riga shi. Ya tsaya a gaban ƙarfen, gumi yana zuba, bandejin gwiwarsa ya yi jajir da ƙasa. Shi ne kyaftin, shekararsa talatin da huɗu, kuma likita ya riga ya gaya masa wannan ce kakarsa ta ƙarshe. Sau biyu manyan ƙungiyoyi suna nemansa yana ƙi, don ubansa ya ce ɗan Nellikad a Nellikad yake bugawa.

"Bappa." Haka ake kiran uba a garin.

"Matsa."

"Bappa, mutane suna kallo."

"Su kalla. Filinsu ne."

"Wasa ɗaya ne. Minti casa'in. Ban taɓa roƙon ka komai a kan ƙwallo ba. Ka ce in zauna, na zauna. Abokaina sun tafi sun gina gidaje, ni ina nan ina cin ƙura. Yanzu saura taki ɗaya."

"Na sani."

"Ba ka sani ba. Da ka sani da ba ka ɗauko wannan ba."

Alawi ya sauke injin a hankali ya ajiye a kan yashi. Ya fara warware wayar. Zuciyarsa tana yi masa ciwo irin wanda bai ji ba tun rasuwar uwar yaron, amma hannunsa bai tsaya ba.

"An cuce mu, Jamshir. Ina can aka zo aka zuba wannan, ba da sanin kowa ba. Ba laifinku ba ne, ku ƙwallo kuka sani."

Jamshir ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai su biyu suka ji.

"Da sanina."

Wayar ta tsaya a hannun Alawi.

"Me ka ce?"

"Ni na riƙe ƙarfen suka zuba. Wannan da wancan. Ma'aikatan ba su san tsawon da doka ta ce ba, ni na auna musu, da igiyar awonka."

"Ka san ranar tuta."

"Na sani."

"Ka san abin da takarda ta ce."

"Tun ina shekara shida kake sa ni riƙe ganyen ayaba, Bappa. Na sani." Ya share fuska da gefen riga. "Mudalali ya ce in haya ta mutu zai sayi filin gaba ɗaya daga hannun 'yan gidan. Ya zama namu har abada, ba mai ƙara korar mu kwana tara. Ya rantse mini. Na ce in ka dawo ka ga an gama, za ka yi fushi na sati ɗaya ka huce."

Alawi ya daɗe yana kallon ɗansa. Ya so ya ɗaga hannu ya mare shi, ya kuma so ya rungume shi, bai yi ko ɗaya ba.

"Ba zai saya ba."

"Ya ce..."

"Na ga rigar baɗi da idona, yau da hantsi, a ofishinsa. Kochi aka rubuta a ƙirji. Nan kuma shaguna za a gina. Kai an ajiye maka mataimakin koci."

"Ƙarya ne."

"Na taɓa yi maka?"

Jamshir ya juya ya dubi bakin ƙofa. Farar motar Nizar tana nan a inda ta saba tsayawa, gilashi a rufe. Ya daɗe yana kallon ta. Ba wanda ya fito, gilashin ma bai sauka ba.

Sauran 'yan wasan sun matso sun yi da'ira. Golan, yaron da aka kawo daga arewa bana, yana tambayar na kusa da shi me ke faruwa, ba wanda ya kula shi. Daga kan katanga wani ya ɗaga murya ya ce a riƙe tsohon nan, ya haukace. Wani dattijo ya ce duk wanda ya taɓa Alawi sai ya bi ta kansa. Hayaniya ta fara tashi, rabin fili na nan, rabi na can, mutanen da suka shekara arba'in suna zama benci ɗaya.

"Ko da gaskiya ne," in ji Jamshir, idonsa ya kawo ruwa, "ko da gaskiya ne, Bappa, Asabar tana nan. Za mu iya ci. Wallahi za mu iya ci."

"Za ku iya. Na ga yadda kuke bugawa, ban taɓa ganin Nellikad irin ta bana ba." Tsohon ya ci gaba da warware wayar. "Ku ci ranar Asabar, ku shiga huɗun farko, wataƙila ma ku ɗauko kofin. Sai ku kawo shi ina?"

Jamshir ya dubi simintin da ke gindin ƙarfen.

Alawi ya durƙusa da ƙyar, gwiwa ɗaya sannan ɗayar. Ya ɗauki injin ya ɗora faifan a jikin ƙarfen, daidai saman simintin, ya gyara riƙo. Sannan ya ɗaga ɗaya hannun, ya miƙa wa ɗansa kan wayar.

"Ni ba zan iya tashi in je in dawo ba, ƙafata ba za ta kai ni ba. Soket yana jikin ɗakin tikiti, taku goma a bayanka."

"Bappa, kada ka yi mini haka."

"Kai ka riƙe aka zuba. In ka ga a bar shi, jefar da wayar ka koma atisaye, ba zan ƙara ce maka komai ba har in mutu. In ka ga a yanke, je ka sa."

Hayaniyar ta mutu. Dubban mutane, amma ba ka jin komai sai sarƙar giwa daga bayan ɗakin bauta.

Ƙofar farar motar ta buɗe.

Jamshir ya karɓi wayar daga hannun ubansa.